Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Kano da Majalisar Dokoki Kan Halin da Ƙananan Ma'aikatan Birni Suke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf, da Mai Girma Shugaban Majalisar Dokoki da sauran wakilanmu masu daraja, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah Ya yi riƙo da hannayenku a kan nauyin al'umma da Ya ɗora muku, Ya kuma ba ku mashawarta masu faɗa muku gaskiya.

Ni akawu ne a wani shagon sarin yadi a Kantin Kwari, inda na fara a matsayin yaron shago ina ɗan shekara goma sha bakwai, kuma yanzu ina da mata da 'ya'ya biyar a gidan haya. Ban rubuto wannan wasiƙa da sunan wata ƙungiya ko jam'iyya ba. Na rubuto ne a madadin mutanen da muke haɗuwa da su a bakin titi tun kafin gari ya gama wayewa muna jiran abin hawa: yaran shago, da 'yan dako, da masu gadi, da leburorin masana'antu, da malaman makarantu masu zaman kansu, da 'yan mata masu aiki a shagunan magani da ƙananan asibitoci, da ƙananan ma'aikatan gwamnati waɗanda albashinsu ke ƙarewa kafin wata ya raba. Mu ne muke buɗe ƙofofin kasuwannin da Kano take alfahari da su, mu ne kuma muke rufe su, amma kullum sai ƙara nisa muke yi da su, domin birnin da muke yi wa aiki ya fi ƙarfin aljihunmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun mafi ƙarancin albashi. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya hannu a kan naira 70,000, sannan a watan Oktoban 2024 gwamnatinku ta sanar da naira 71,000 ga ma'aikatan jiha. Mun yi murna da gaske, domin waɗanda suka amfana 'yan'uwanmu ne da maƙwabtanmu. Sai dai dokar ta ƙasa ta keɓe duk wajen aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma keɓe masu aikin wucin gadi da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka sarrafa ko suka sayar. Duk wanda ya san Kano ya san cewa a ƙarƙashin wannan keɓewa akasarin masu neman abinci suke. Ranar da aka sanar da ƙarin, mai gidan haya ya ji, mai kayan masarufi ya ji, mai adaidaita sahu ma ya ji, kowa ya gyara farashinsa, mu kuwa abin da muke karɓa yana nan inda yake. Tun daga lokacin nake sauraron a ce ga wani tanadi da aka yi wa ire-irenmu, shirun ya yi yawa, shi ya sa na ga ya kamata a ji daga bakin mai ɗaki, tunda shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan fara da yanayin aikin kansa, domin nan ne aka fi yin shiru. Kasuwancin Kano ya ginu ne a kan wata al'ada mai kyau ta ubangida da yaronsa. Uba yakan kai ɗansa wajen ɗan kasuwa ya damƙa shi amana, yaro ya yi shekaru yana shara da ɗaukar kaya da koyon ciniki, ubangida kuma ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa magani idan ya kwanta, ya tsaya masa a aurensa, daga ƙarshe ya sallame shi da jari ko ya buɗe masa rumfa. Babu takarda a tsakaninsu, amma akwai idon jama'a da tsoron Allah da gudun abin kunya, kuma manyan attajirai da yawa a garin nan ta wannan hanya suka taso. Ni kaina na ci gajiyar ragowar wannan al'ada, domin ubangidana mutumin kirki ne, ba don shi ba da ban iya riƙe littafin lissafi ba. Amma ina ganin abin da ke faruwa a layukan da ke kewaye da ni. Kuɗin hayar shago ya hau, jari ya narke tun da aka saki darajar naira a 2023, iyayen gida da yawa su kansu da ƙyar suke tsaye, saboda haka sallama ta zama sai wanda Allah Ya ci da shi. Abin da ya rage daga tsohon tsarin shi ne wajibin da ke kan yaro: ya zo da sassafe, ya tsaya har magariba, kwana shida ko bakwai a mako, kada ya tambayi nawa za a ba shi. Wajibin da ke kan ubangida kuwa ya zama ganin dama. Ta haka matashi ya rasa kariyar al'ada, bai kuma samu kariyar doka ba.

Na san wani bawan Allah da muka fara zaman kasuwa tare, ya yi wa mutum ɗaya hidima shekara goma sha huɗu. Da ubangidan ya rasu, magada suka raba dukiya, suka yi masa godiya, suka ba shi kuɗin mota. Ba su karya wata doka da za a iya nunawa ba, domin babu ko layi ɗaya a rubuce da ya ce an yi masa alkawarin komai. Yau yana da shekara arba'in da 'yan kai, yana tura kurar ruwa a unguwarsu. Abin da ya fi damuna a irin wannan labari shi ne yadda muka mayar da neman haƙƙi rashin kunya. Idan ma'aikaci ya ce a rubuta masa albashinsa, sai a ce ba shi da godiya, ko a ce masa ga mutum goma can a waje suna jiran gurbinsa, kuma gaskiya ne suna jira. Muna yawan ambaton haƙuri ga wanda ake bai wa aiki, amma ba mu cika tuna wa mai bayar da aikin hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ba, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a cikinsa da a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yi shiru a kan waɗannan abubuwa ba. Ta wajabta a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta ce wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da ya kai sa'a guda, yana da yini ɗaya na hutu a cikin kowane kwana bakwai, yana da aƙalla kwana shida na hutun shekara da albashinsa bayan ya cika wata goma sha biyu, kuma idan likita ya tabbatar ba shi da lafiya za a biya shi har kwana goma sha biyu a shekara. Mace mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Akwai kuma dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ta shekarar 2010. Ina roƙon 'yan majalisa su shiga Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a lokacin da ake canjin masu aikin dare da na rana, su tambayi leburori goma ko sun taɓa jin waɗannan tanade-tanade. Da yawansu ba ma'aikatan kamfanin da suke wa aiki ba ne a takarda, wani ɗan kwangila ne ya kawo su, ana biyan su kullum ko mako-mako, suna tsayuwar sa'a goma sha biyu a gaban inji. Wani matashi maƙwabcina inji ya cinye masa yatsu biyu a wata masana'anta, aka biya masa kuɗin ɗinki, bayan mako biyu ya koma ya tarar an sa wani a wurinsa. Haka ƙanwar matata, mai takardar shaidar malanta, take koyar da aji biyu a wata makaranta mai zaman kanta a kan abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, ba a biyan ta a watannin hutu, kuma da ta haihu sai aka ce ta dawo bayan suna ko a nemi wata.

Na biyu shi ne muhalli. Na yi aure a Fagge, a ciki da falo, inda nake takawa da ƙafa zuwa kasuwa cikin minti goma sha biyar, in dawo in ci abincin rana a gida, in koma. Bayan 'yan shekaru mai gidan ya ba mu wa'adi domin zai mayar da shi shaguna da sito, kamar yadda aka yi wa gidaje masu yawa a kewayen Kwari da Singa da Sabon Gari. Muka koma Kurna, daga can ma ƙarin kuɗin haya ya sake tura mu gaba, yanzu muna can bayan Bachirawa. Ban ga laifin mai gida don ya nemi riba da dukiyarsa ba, shi ma siminti da kwano da ƙarfe sun yi masa tsada. Amma tsarin da ake bi ya ɗora dukkan nauyin a kan mai rauni. Mutumin da ake biya wata-wata, ko ma kullum-kullum, ana neman ya kawo kuɗin shekara guda a dunƙule, wani wurin har shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin ganin gida, ga gyaran da zai yi da kansa ba a cire masa ba. Idan shekara ta zagayo sai a aiko masa da saƙo cewa an ƙara, wani lokaci ninki, ya biya ko ya tashi. Na ga magidanta suna sayar da keken ɗinkin matansu da kayan ɗakinsu domin su biya haya, na ga waɗanda suka mayar da iyali gidan surukai suka koma kwana a shago. Alƙalan kotunan shari'a da jami'an Hisba sun fi ni sanin yawan auren da ya mutu a kan wannan.

Gwamnatocin baya sun gina gidaje, ba za a ƙi faɗa ba. Rukunan gidaje na Kundila da Gwammaja sun tsugunar da ma'aikata da yawa a zamaninsu. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo ayyuka ne manya, amma ba a yi su don mai albashin naira 71,000 ba, balle wanda bai kai nan ba. Abin da talakan birni yake buƙata shi ne ɗaki biyu da banɗaki da madafa a wurin da mota take zuwa, a kan kuɗin da zai iya biya a ƙarshen kowane wata.

Duk wanda haya ta kora bakin gari, kuɗin mota ne yake tarbarsa, kuma wannan shi ne kukana na uku. Ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Mai Girma Gwamna ya karɓi rantsuwar kama aiki, ita ce ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Na san wannan ba hukuncin gwamnatin jiha ba ne. Amma yadda mutanen Kano suke zirga-zirga a cikin birninsu, wannan kam alhakin jiha ne. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, birnin nan kacokan ya dogara ga adaidaita sahu, abin hawan da aka yi shi don fasinja uku a gajeriyar tafiya. Lokacin da matuƙansa suka tafi yajin aiki a 2021 da kuma farkon 2022, kowa ya ga yadda kasuwanni da makarantu da ofisoshi suka kusa tsayawa cik, mutane suka cika tituna suna tafiya a ƙasa. Wannan ya isa ya nuna cewa birni mai girman Kano ba shi da wata hanyar sufuri ta jama'a da za a dogara da ita.

A kowace rana nakan hau adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa, kuma idan na lissafa a ƙarshen wata sai in ga kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake samu ya tafi a kan hanya. Ba na jin haushin matuƙin, domin shi ma akwai kuɗin da zai kai wa mai mashin kowane dare, ga mai, ga haraji, ga gyara. Amma asarar lokaci ta fi ta kuɗin ciwo. Ina fita bayan sallar asuba yarana suna barci, in tsaya a cunkoson Kurna da na Ƙofar Ruwa, in dawo bayan isha'i wasunsu sun sake yin barci. Ranar Juma'a da yamma ce kaɗai nake iya duba allon ƙaramin ɗana. Muna yawan kuka da lalacewar tarbiyya da yawaitar daba da ƙwacen waya, muna cewa iyaye sun yi sakaci, amma uban da hanya da kasuwa suka cinye masa sa'a goma sha biyar a yini, a wane lokaci zai san da wa ɗansa yake yawo? Kuma shi kansa a cikin duhun da masu ƙwacen suke fitowa yake dawowa gida, da 'yar wayarsa a ɓoye cikin safa.

An gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Gadon Ƙaya da Dangi da Hotoro, gwamnatinku kuma ta ɗauko na Ɗan Agundi da Tal'udu. Sun ƙawata gari, sun kuma sassauta wasu mahaɗu. Sai dai gada tana amfanar wanda ya riga ya samu abin hawa ne. Shekaru ke nan muna jin maganar jirgin ƙasa na cikin gari, an kuma sha kawo motocin safa a yi bikin ƙaddamarwa, bayan ɗan lokaci a neme su a rasa.

Na huɗu shi ne cunkoson unguwanni da abin da yake haifarwa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, wadda ta ba Jihar Kano sama da mutum miliyan 9, fiye da kowace jiha. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure yanzu. A tsawon wannan lokaci birnin ya cika ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, yana kuma ci gaba da cin gonakin maƙwabtansu. Ga waɗanda ƙauye ya gaza riƙewa, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga Borno da Yobe a baya, da Zamfara da Katsina a yanzu. Kano tumbin giwa ce, ba ta taɓa korar baƙo ba, kuma ba na fatan ta fara. Amma tun a farkon shekarun samun 'yanci aka yi wa birnin nan tsarin bunƙasa na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, lokacin da jama'arsa ba su kai ko kusa da na yau ba. Idan magabata sun ga buƙatar tsari a wancan lokaci, yaya za a bar mafi yawan sababbin unguwanni su tashi a kan awon igiya?

Awon igiya shi ne mai gona ya kira dillali su yanka fulotai yadda suka ga dama, ba a bar hanyar da mota za ta wuce ba, ba a bar filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta ba, ba a san inda ruwan sama zai bi ba. A lungunmu, idan mace ta tashi haihuwa da dare, sai an tallabo ta zuwa bakin hanya domin adaidaita ba ya iya shiga, motar kashe gobara kuwa ba a ma maganarta. A gidan da nake haya iyali shida ne muke amfani da banɗaki biyu, kuma rijiyar gidan ba ta da nisa da masai. Ruwan famfo bai taɓa zuwa unguwar ba, duk da cewa jihar nan tana da madatsun Tiga da Challawa da matatar Tamburawa, saboda haka kullum sai an ware kuɗin 'yan ga-ruwa kafin a yi maganar cefane, kuma farashin jarka yana hawa ne da farashin man da ake tayar da injin burtsatse. Wutar lantarki ma haka, sai an yi kwanaki ba a gan ta ba, mai ɗinki da mai walda da mai niƙa su zauna jugum. Kududdufan da a da suke shanye ruwan damina an cike da yawa an yi gini a kai, magudanu sun toshe da leda, shi ya sa ruwan sa'a biyu yake shiga ɗakunan mutane. A daminar 2022 ina cikin waɗanda suka tsaya a Kantin Kwari ruwa har gwiwa muna fitar da dilolin yadi da suka jiƙe, kuma kowa a kasuwar ya san cewa gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa suna cikin dalilan.

Cuta ma cunkoso take bi. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma a unguwanni irin namu aka fi jin jiki, inda yara bakwai suke kwana a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Mun binne yara a layinmu a wancan lokaci, Allah Ya sa masu ceto ne. Na yaba da dokar ta-ɓaci da gwamnati ta ayyana a kan ilimi a 2024 da gyaran makarantun da ake yi, amma a sababbin unguwanni matsalar ita ce babu ma filin da za a gina ajin.

Mai Girma Gwamna da wakilanmu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka ga abin da muke roƙo. Mafi gaggawa shi ne motocin safa manya a kan manyan hanyoyin da ma'aikata suke bi, wato titin Katsina da na Zariya da na Gwarzo da na Haɗeja da na Maiduguri da na Panshekara, masu tashi a kan lokaci tun daga bayan asuba har bayan isha'i, da kuɗin da aka ƙayyade aka rubuta a jikin mota, da wurin zama na mata. A sa kuɗin gyaransu da na kayan gyara a cikin kasafin kowace shekara, a kuma damƙa su ga hukumar da za ta riƙa bayyana wa majalisa abin da ya shiga da abin da ya fita, domin rashin wannan ne ya kashe na baya. Kada a kori masu adaidaita sahu kafin motocin su samu, a zauna da shugabanninsu a tsara yadda za su riƙa ɗauko mutane daga cikin unguwanni zuwa tashoshin, waɗanda suka cancanta a cikinsu kuma a ɗauke su aikin tuƙi.

Muna roƙon majalisa ta yi dokar haya da ta dace da wannan zamani, wadda za ta hana neman fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, ta bai wa wanda ya riga ya zauna damar biya wata-wata ko duk wata uku, ta ƙayyade la'adar dillali, ta wajabta sanarwa a rubuce da isasshen wa'adi kafin ƙari ko tashi, ta kuma samar da wurin sasanci mai sauƙi a kowace ƙaramar hukuma, inda mai gida ma zai samu haƙƙinsa daga ɗan hayar da ya ƙi biya ba tare da ya shekara yana zarya a kotu ba. A saurari masu gidaje kafin a zartar, domin dokar da ta tsorata su za ta sa su daina ginawa ne. Tare da haka, hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ta riga masu igiya isa gonakin da ke bakin gari, ta fitar da ƙananan fulotai masu hanya da magudana da filin makaranta, a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi su biya a hankali, ba a raba wa masu uwa a gindin murhu su sayar ba. Unguwannin da suka riga suka ginu kuwa a shiga da masu unguwanni da dagatai a buɗe hanya ɗaya ko biyu, a biya diyya ta gaskiya ga wanda aka taɓa gidansa, a kai bututun ruwa, a dakatar da cike sauran kududdufan da suka rage.

A kan batun aiki, na san cewa tsarin mulki ya bar dokokin ƙwadago a hannun tarayya, amma jiha tana da ƙofofi da yawa da za ta bi. Ita ce take bai wa makarantu da asibitoci masu zaman kansu izinin aiki, tana iya sanya takardar ɗaukar aiki da biyan albashi a kan lokaci da hutun haihuwa su zama sharaɗin sabunta izinin. Ita ce take bayar da kwangila da filayen masana'antu, tana iya cewa ba za ta yi hulɗa da wanda ba ya biyan diyyar rauni ba. Tana iya haɗa kai da ofishin ƙwadago na tarayya da ke Kano domin masu duba masana'antu su riƙa shiga ba tare da sanarwa ba. A kasuwanni kuwa, muna roƙon gwamnati ta kira shugabannin Kwari da Singa da Sabon Gari da Kurmi da Wambai da Dawanau da Ƙofar Ruwa, tare da malamai da wakilan masarauta, a fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa da ajami, wadda za ta faɗi abin da za a riƙa bai wa yaro, da ranar hutunsa, da shekarun da zai yi, da abin da za a sallame shi da shi, da abin da zai samu idan ubangida ya rasu ko ya karye, shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin kasuwa. Wannan bai saɓa wa al'adarmu ba, kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali. Ina da yaƙinin iyayen gida na kirki, waɗanda suke da yawa, su ne za su fara sa hannu.

Roƙona na ƙarshe ga majalisa shi ne ta shirya zaman jin ra'ayin jama'a a kan haya da sufuri da yanayin aiki, a yi shi da Hausa, a ranar da ba ta kasuwa ba ce sosai ko da yamma bayan an tashi, a ƙananan hukumomin birni takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ake yanke wa kuɗin yini idan ya makara ba zai iya zuwa harabar majalisa da ƙarfe goma na safe ba. Idan aka sa rana, ni da waɗanda na ambata a farkon wannan wasiƙa za mu zo da rasiɗan hayarmu da lissafin kuɗin motarmu a hannu.

Allah Ya taimaki Mai Girma Gwamna da majalisarmu, Ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani akawun shago a Kantin Kwari, mazaunin bayan Bachirawa, Kano.